Epikuras bai koyar da holewa ba

A azuzuwan falsafa na manya, da an zo kan Epikuras, masanin falsafa na tsohuwar Girka, sai ka ji ana cewa ai shi ne malamin ci da sha da sharholiya. Wannan ƙazafi ne. Lallai ya ce jin daɗi ne manufar rayuwa, amma abin da yake nufi shi ne jiki babu ciwo, zuciya babu fargaba. A lambun da ya kafa makarantarsa a Atina, wajen shekara ta 306 kafin haihuwar Annabi Isa, burodi da ruwa sun ishe shi, wani lokaci da ɗan cuku. Shaye-shaye da neman mulki kuwa, gargaɗi ya yi a kansu, domin damuwar da suke jawowa ta fi daɗinsu yawa.