Na je ta'aziyyar mai rai a Idi-Araba

Uwargida ta daɗe tana cewa idanuna sun fara tsufa. Hujjarta wai in zan karanta saƙo sai na miƙe hannu har ƙarshensa, na ɗaga gira, na karkata wajen taga. Ni kuwa na faɗa mata gaskiya, masu ƙera waya ne suka rage girman rubutu. Duk da haka wata rana ta dawo daga kasuwar Agege da tabarau a leda, irin wanda ake bazawa a tire, an manna masa 'yar takarda mai lamba +2. Wai mai sayarwa ya ce duk wanda ya haura arba'in ƙwayar idonsa kan yi tauri, abin da ke kusa ya riƙa gagarar sa. Na ce to, mai tire ya zama likita. Na wurga shi durowa kusa da katin zaɓe.

Ranar da abin ya faru ina rumfata a Mile 12 bayan azahar, ana sauke albasar Aliero, sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna Legas. Zauren nan a da ba abin da ake turowa sai katin ɗaurin aure da na suna. Yanzu da duk muka doshi hamsin, mutum sai ya yi bisimilla kafin ya buɗe. Na miƙe hannu, na ga "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A ƙasa sunan aminina mai goro na Idi-Araba, sannan "ya ras", harafin ƙarshe ya narke. Sauran dogon rubutun ban bi ta kansa ba, me za a ce bayan wannan in ba lokacin jana'iza ba? Na kira lambarsa, a kashe. Gwiwata ta yi sanyi.

Nan take na bugo wa dattawan da na san ba sa duba waya, na ce kowa ya kama hanya. A da acaba zan haye, amma tun 2022 aka hana su a yankinmu, dole na bi layin BRT da katina na Cowry a hannu, ina share hawaye da bakin hula. Da na shiga babu wurin zama. Wani saurayi Bayarabe ya dube ni, ya miƙe, ya kira ni Baba, ya nuna min kujerarsa. A wata ranar da sai na tambaye shi wa ya haifa masa Baba. Ranar nan na zauna.

Daga Ketu zuwa Maryland na gama tuna rayuwarmu kaf. Tare muka shigo garin nan a jirgin ƙasa, muka sauka Iddo da jaka ɗaya, bargon ma na karo-karo ne. Ranar Lahadin nan ta 27 ga Janairu 2002 da bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja muna Oshodi, muka yi ta gudu ba mu san inda muka nufa ba, shi ne ya fizgo rigata ya ce mu bar bin ayari. Da yawa daga waɗanda suka yi wajen Oke-Afa a ruwa suka ƙare. Shi ya raka ni neman auren uwargida, ya yi wa iyayenta rantsuwa cewa ina da haƙuri, Allah ya yafe masa.

A daidai Onipanu ne wani abu ya faɗo min: naira dubu tamanin da ya ranta min lokacin da albasa ta ruɓe mana a mota. Bai taɓa tambaya ba, ni ma saboda kunya ban tuna masa ba. Yanzu kuɗi sun zama na marayu. Na sauka, na canja danfo a Ojuelegba, na tsaya wajen mai POS na cire su cif, har da cajinsa.

Na iso layinsu ban ga tabarmi ba, ban ga buta ba. Na ce wayyo, an riga an tafi maƙabarta. Na tsaya bakin zaure na yi sallama da ƙarfi, muryata na rawa, na ce, "Hajiya, sai haƙuri. Kuma a shaida, marigayi yana bi na dubu tamanin, ga su na kawo."

Labule ya ɗaga, sai ga marigayi da singileti, hannunsa dumu-dumu da miyar kuka.

"Wane marigayin?"

Ban san lokacin da na ja da baya na taka akuyar maƙwabta ba. Ashe wayarsa aka zare masa a Oshodi. Saƙon cewa ya yi ya rasa wayarsa, kada kowa ya tura kuɗi in an roƙa da lambarsa. Ni har gobe laifin na wanda ya rubuta ne. Wayar da gilashinta ya tsage tun bara, ita ce za a buɗe wa sanarwa da Inna lillahi?

Kafin in gama bayani dattawan da na kira suka fara isowa, ɗaya tun daga Alaba Rago, da farar riga da carbi. Kowa ya shigo da fuskar makoki, ya yi turus, ya juyo ya kalle ni. Aminin nawa kuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna a tsakiya, ya ce tunda an zo kowa ya faɗi alherin da ya yi niyyar faɗa, yana so ya ji da kunnensa. Sannan ya miƙo min hannu.

"Alhaji, kawo kuɗin marayu. Wallahi na manta da su, amma an shaida."

Ya lissafa su a gabana sau biyu, yana lasar yatsa. Ya ce gobe zai shiga Computer Village, kasuwar wayoyi.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da tuwona a rufe, tabarau a kan murfin kwano. Uwargida ba ta ce uffan ba, sai kafaɗunta da ke rawa. Na ɗauka na saka don a zauna lafiya. Sai ga rubutun kwalin magani ya fito raɗau, ga zanen tabarma, ga tsakuwa a gefen kwano. Ta matso ta ce, "To Alhaji, yaya ka gani?"

Na dube ta da kyau, na ce, "Ikon Allah! Hajiya, yaushe kika yi furfura haka?"

Ta zare tabarau daga fuskata, ta haɗa da kwanon tuwon ta shige ɗaki. Burodin Agege da ruwan leda na kwana da su.