Famfon Kyanwa da Alwalar Gwaggo

Kun dai san 'yar kyanwar Farisa da Yaya ya bar mini, mai gashi kamar an yi ɓarin auduga. Duk lokacin da ta sa baki a kwano sai gashin wuyanta da na ƙirjinta su jiƙe sharkaf, su cukurkuɗe, har ta fara gudun ruwan gaba ɗaya. Likitan dabbobi ya ce kyanwa tana bukatar kusan mililita 50 na ruwa a rana a kan kowane kilo na nauyinta, kuma wadda ke cin busasshen abinci ba ta shan ruwa tana iya kamuwa da ciwon mafitsara, saboda haka in nemo mata famfon da ruwansa ke gudana.

Ashe zaɓen ma aiki ne. Na roba yana karcewa, datti ya maƙale, ƙuraje su feso mata a haɓa. Mai tsartuwa sama kuwa wanka zai riƙa yi wa mai shafaffiyar fuska irinta. Na tsaya a kan na silba mai faɗi marar zurfi, mai cin lita 2, wanda ruwansa ke gangarowa a hankali, yana da matacin gawayi da ake sauyawa duk wata da soso mai tare gashi kafin ya shaƙe injin. Da wayar USB yake aiki, don haka idan an ɗauke wuta fawa bankina nake jona masa, ita tana shan ruwa wayata tana mutuwa.

Ana cikin haka Gwaggo ta biyo daga gidan biki da ƙawayenta biyu domin su yi la'asar, ga kuma ɗan garuwa yana juye jarkoki a tsakar gida. Na shiga ɗauko buta ke nan na jiyo ta tana cewa, "Masha Allah, 'yar nan ta sayi abin alwala na zamani." Kafin in fito ta naɗe hannun riga, ta tsuguna, ta wanke hannu sau uku cikin natsuwa, ta kamfato ruwa za ta kurkure baki. A daidai lokacin mai famfon ta taho tana rangwaɗa, ta raɓa gwiwar Gwaggo, ta sa harshe ta hau sha.

Gwaggo ta dubi kyanwa, ta dubi ruwan da ke tafinta, sannan ta dube ni ina riƙe da buta. "Ke, na wane ne wannan?" Na ce, "Nata ne, Gwaggo." Ta ce in maimaita, ba ta ji ba, alhali ta ji sarai, so take ƙawayenta su shaida. Ɗaya daga cikinsu ta yi ƙoƙarin cetona da cewa sauran ruwan kyanwa ba najasa ba ne, Gwaggo ta ce ita ba fatawa ta nema ba, farashi take tambaya. Na faɗi rabin kuɗin, duk da haka sai da aka yi salati. Ɗan garuwa, wanda ba a sa da shi ba, ya ajiye jarka ya ce, "Hajiya, ashe ruwan da nake turowa tun daga bakin titi mage nake yi wa hidima."

Wannan mutumin shi ne ya fi ƙona mini rai, domin kafin magariba har mai shagon layinmu yana tambayata lafiyar Hajiya Ƙarama, wato kyanwar, kuma shi ne dai wanda ya fasa mini murfin durom tun kafin azumi bai biya ba. Gwaggo kuwa, wadda har yau kulolina na sunan bara suna gidanta, jiya ta aiko jikanta ya tambaya ko ana samun babban famfo irin na kyanwar, wai kajinta suna zubar mata da ruwa. Na ce zan duba.