Nasiha ga magidanta a kan tsara abincin dare na mako

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa magidanta da iyayenmu mata.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin cefane a gidaje da yawa na birnin Kano ya daina kaiwa inda yake kaiwa a da, har ta kai wasu iyalai ba sa sanin abin da za a ɗora da daddare sai bayan sallar La'asar. Idan aka ce wa mutum ya zauna da iyalinsa su tsara abincin mako guda, sai ya ce ai arziki na Allah ne, kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Maganar gaskiya ce, amma an ajiye ta ba a muhallinta ba. Annabi Yusuf (AS) ya umarci mutanen Masar su bar hatsin da suka girbe a zangarniyarsa, sai kaɗan da za su ci, domin shekarun fari da ke tafe, kamar yadda ya zo a aya ta 47 ta Suratu Yusuf. Bukhari kuma ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Babu wanda ya kai su tawakkali, kuma duk da haka sun yi tanadi.

Matakin farko shi ne maigida ya faɗa wa uwargida ainihin abin da ke hannunsa na wannan makon. Ɓoye mata adadin kuɗin, sannan a riƙa miƙa mata kaɗan-kaɗan kowace safiya, shi ke tilasta mata sayen ƙulli-ƙulli a shagon unguwa, inda komai ya fi tsada, kuma daga nan ake shiga littafin bashin mai shago. Da a ce kuɗin a dunƙule yake, da an auno masara ko dawa da wake a kwano, an kai niƙa sau ɗaya, an sayi kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da barkono waɗanda ba sa lalacewa. Wanda kasuwar Dawanau ko ta Yankaba ta yi masa nisa, kada kuɗin mota ya cinye masa rangwamen. Sai maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je ya sayo, a raba.

Daga nan sai a duba abin da ke saurin ruɓewa a fara da shi. Ɗanyen tumatir, alayyafo da yakuwa su shiga faten tsaki ko miyar taushe a kwana biyun farko, a bar tuwo da miyar kuka ko kuɓewa zuwa ƙarshen mako, lokacin da aljihu ya yi sanyi. A tsakani ga garau-garau, ga ɗanwake, ga dambu da zogale. Idan nama ya gagara, wake da awara da ƙuli-ƙuli suna gina jikin yara. Ita ma wuta cefane ce, ko da yake mutane suna mantawa da ita wajen lissafi: waken da aka jiƙa tun da hantsi, aka jefa masa 'yar kanwa, ba ya cin gawayi kamar wanda aka zuba a tukunya a bushe. Tuwon da ya kwana ɗumamen safe ne, ƙanzon gindin tukunya kuma a shanya shi, domin zubar da shi a kwata yana cikin israfin da aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana.

A ganina, inda maza suka fi buƙatar nasiha shi ne lokacin da aka ajiye kwanon a gabansu. Mutum ya san abin da ya bayar bai kai kuɗin man miya ba, amma ya buɗe miya ya yamutsa fuska a gaban 'ya'ya, ya ce yau ma kuka ce, sannan ya fita ya tsaya wajen mai tsire shi kaɗai. Abu Huraira ya ce Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba. Idan yana sha'awarsa ya ci, idan ba ya so ya bari. Nana A'isha kuma ta ba da labarin cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajensa ba, sai dabino da ruwa. Wanda aka tuƙa wa tuwo mai zafi, ai godiya ce ta kama shi, ga Allah da kuma ga wadda ta sha hayaƙi.

A riƙa haɗuwa a ci a faranti ɗaya da bisimilla, domin Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa abincin mutum biyu yana isar huɗu, na huɗu yana isar takwas. Kuma a cikin lissafin makon a bar gurbin maƙwabci, tunda Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarr idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. Kusan kowane layi akwai gidan marayu ko na dattijuwar da ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙa ba, sai a tura yaro da malmala biyu da miya kafin Isha'i, kwanon a rufe.