Wai mun kai yara kallon duwatsun Turawa

Ko minti goma ban yi da tura hotunan yara na tafiyarmu Sifaniya a zauren gidanmu na WhatsApp ba sai ga saƙon murya daga Yayata. Ta fara da sa albarka, yara sun girma masha Allah, ta tambayi babansu, sannan ta sauke abin da ke ranta: "Amma fisabilillahi ƙanwata, kuɗin da kuka zubar wajen kallon duwatsun Turawa, da gida kuka kawo yaran nan suka ga Hajiya ai da ya fi lada." Ƙannena suka bi bayanta da ɗaga babban yatsa. Babba ce, ba a mayar mata da magana a gaban yara, don haka na ce, "To Yaya, an gode, Allah Ya ba mu ikon zuwa." Amma maganar ta tsaya min a maƙoshi, kuma na san ba ita kaɗai ke kallonmu haka ba.

Mu a Jamus muke zaune. A nan ba ka da ikon ɗauke yaro daga makaranta don an sa bikin ƙanwarka, doka ce, har tara ake ci. Hutun kaka gajere ne, bai isa a je Kano a huta gajiya a dawo ba. Daga nan zuwa Malaga da ke kudancin Sifaniya kuwa tafiyar kusan awa uku ce a jirgi, babu biza, babu allurar rigakafi, babu akwatin tsaraba. Abin da muka kashe gaba ɗaya, har da hayar mota da masauki, bai kai kuɗin tikitin jirginmu kaɗai zuwa gida a hutun bazara ba. Na faɗi wannan ne don masu lissafi su huta.

Su kuma duwatsun, bari in ba ku labarinsu.

A birnin Garanada akwai fadar Alhamra, a kan tudu, dutse mai ƙanƙara a bayanta. Sarakunan Musulmi na Banu Nasar ne suka gina ta, su ne na ƙarshe da suka yi mulki a Andalus kafin birnin ya faɗa hannun Kiristoci a 1492. Ba a zuwa a sayi tikiti a ƙofa yadda aka ga dama. Tun makonni kafin tafiya ake saye ta intanet, da sunan kowa a jiki, har yaran da ba su kai shekara 12 ba, waɗanda ba a karɓar musu kuɗi, sai an yanka musu nasu. A jikin tikitin an rubuta lokacin da za ka shiga ɗakunan sarki, in ka makara ya wuce ka, ko kai waye. A bakin ƙofa a duba fasfo. Keken tura jarirai a waje ake barinsa, jakar goyo kuma sai dai ka rataya ta a ƙirji don kada ka juya ta gogi bango. Sama da mutum miliyan biyu ke bi ta ƙofar nan duk shekara, amma ko ledar alawa ban gani a ƙasa ba.

Ciki kuwa ban san ta inda zan fara ba. Daga ƙasa zuwa ƙugun mutum tayil ne ƙanana, kore da shuɗi da baƙi da ruwan ɗorawa, an jera su taurari cikin taurari. Daga nan zuwa sama sassaƙa ce a jikin farin shafe, babu inda aka bari fili ko na tafin hannu. Rufin wasu ɗakunan ramuka ne dubbai masu zubowa ƙasa kamar saƙar zuma. A wani tsakar gida akwai zakuna 12 na farin dutse ɗauke da kwanon ruwa a bayansu, ruwan na fita ta bakinsu, ga 'yan magudanai huɗu da suka haɗa wurin da ɗakuna. Tun daga kogin Darro aka janyo ruwan nan ta kwata a jikin tsauni, ba inji ba janareta, gangare kawai aka yi wa dabara. A lambun sarki da ke gefe akwai wani matakala da ruwa ke gudu a cikin madafarsa, inda mutum zai ɗora hannu. Autarmu ta tsoma hannu ta ƙi tafiya, sai da babanta ya ɗauke ta cak.

Babban ɗana, wanda kullum Asabar sai an yi dambe kafin ya tafi Islamiyya, shi ne ya ja min mayafi. "Mama, wannan ai Larabci ne." Ya tsaya yana haɗa baƙi a hankali, yatsansa a iska don an hana taɓawa: wa la galiba illallah. Da ya gane ta sau ɗaya sai ya riƙa ganinta ko'ina, a kan ƙofa, a saman ginshiƙi, a kewayen taga, shi da ƙanwarsa suka mayar da abin gasa. Wasu tsofaffin Turawa da ke bayanmu da na'urar bayani a kunne suka tsaya suna kallon yaro baƙi yana karanta bangon da su sai an fassara musu. Yadda ya ɗaga kafaɗa a wurin, ban taɓa ganin ya yi haka a makarantarsu ta Jamus ba.

Don haka kalmar "na Turawa" ma ban yarda da ita ba. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu haifaffen Ƙurɗuba ne, garin da yau ake kira Kordoba, kuma mun je shi. Mazhabar Malikiyya da muke bi ita mutanen Andalus suka bi. Wani mawaƙi ɗan Garanada, Abu Ishaƙ Assahili, shi Mansa Musa ya taho da shi Mali bayan aikin hajjinsa na 1324. Hanyar nan ta daɗe a buɗe, raƙuma sun bi ta kafin jirgi.

Ba zan ce komai daɗi ne ba. A Kordoba zuciyata ta yi nauyi. Masallacin da Abdurrahman na farko ya fara ginawa wajen shekarar 785 yana nan, ginshiƙai sama da 800, a kansu bakan gizo hawa biyu mai ratsin ja da fari, ka duba gabas ka duba yamma ba ka ganin ƙarshensu. Tun 1236 ya koma coci, daga baya ma aka fasa tsakiyarsa aka dasa wata babbar majami'a. Mihrabin na nan da adonsa na ruwan zinare, an sa shinge a gabansa. Musulmi zai biya ya shiga, amma ba zai yi sallah ba, masu gadi na lura. 'Yata ta tambaye ni me ya sa, na ba ta amsar da ta dace da shekarunta. Ga kuma cinyoyin alade a rataye a kusan kowane gidan abinci, har sai da yaran suka gaji da kifi da ƙwai da dankali. Ga samarinmu baƙaƙe, da yawansu 'yan Senegal, sun shimfiɗa jakunkuna a kan zane a bakin titi, ido na kan 'yan sanda. Ga ƙorafin ƙafa na ciwo tun kafin azahar. Duk na gani.

Amma ku duba abin nan da kyau. Mutanen da suka ci Musulmi da yaƙi, suka tilasta musu canja addini, suka kori ragowarsu daga 1609, jikokinsu ne yau ke bin bangon da Musulmin suka bari da ɗan buroshi suna share ƙura. A birnin Sebiya hasumiyar tsohon masallaci, wadda aka gama a 1198, tana tsaye, sun ɗora mata ƙararrawa a ka. Ba matakala ake hawa ba, gangare ne yana zagayawa, wai don a iya hawa a kan dabba, yaran kuwa da gudu suka haye suka bar ni ina haki. A ƙasanta na ga 'yan firamare zaune a kan dandamali, kowa da takarda da fensir, malamarsu na nuna musu zanen jikin hasumiyar suna kwaikwaya. Ko don kuɗin baƙi suke yi, ko don me, sun dai riƙe.

Mu fa? A shekarar da Garanada ta faɗi, Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Gidan sarki da muke wucewa ta gabansa kullum shi ya kafa shi, haka kasuwar Kurmi. Badala ma ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin Gijimasu aka fara ta. Kun fi ni sanin halin da take ciki, ba sai na faɗa ba. Wanda bai ɗebi ƙasarta ya yi gini ba ya kafa shago a jikinta, wanda bai yi haka ba ya zuba shara. Daga cikin 'ya'yan 'yan'uwana da aka haifa a cikin birni, ku tambaya nawa ne wani babba ya taɓa kama hannunsu ya shiga da su Gidan Makama, ko ya tsaya da su a marinar Ƙofar Mata suka ga yadda baba ke kama zane. In ba makaranta ce ta kwashe su a bas ba, shike nan. A wurinmu fita da yara ita ce gidan biki, gidan suna, gidan zoo ranar sallah, sai kallon hawa. Hawan ma dai Allah Ya sa muna da shi, har UNESCO ta sa shi cikin kundinta a 2024. Amma mutum ya ɗauki iyalinsa daga Kano ya tafi Katsina don kawai su ga hasumiyar Gobarau, ko Daura su leƙa rijiyar Kusugu, sai a fara tambaya ko lafiya, wa ya rasu.

Za a ce nasu dutse ne, namu ƙasa ce, damina na cinye ta. Katangar Alhamra ta waje mafi yawanta jar ƙasa ce da tsakuwa aka daddaɓe. Ita ma ta taɓa zama kango, sojojin Faransa sun tarwatsa wasu hasumiyoyinta a 1812, marasa galihu suka tare a ɗakunanta, sai daga baya aka farga aka shiga gyara. Kuma ga Agadas nan kusa da mu, hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce, tun ƙarni na 16 take, ana yaɓe ta ana kula da ita, birnin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Za a ce talauci, kuma gaskiya ne mai neman na cefane ba ya tunanin yawon buɗe ido. Sai dai masu zuwa Dubai sayen kayan lefe ba talakawa ba ne, kuma ba su na gani a kan Dala ba.

Wani abin da ban zata ba shi ne dare. A Jamus ƙarfe goma na yi unguwa ta mutu, yaro ya yi tsalle a falo maƙwabcin ƙasa ya buga rufi. A Andalus ƙarfe tara ake fara zaman cin abincin dare, sha ɗaya ta yi yara na guje-guje a dandali, kakanni na kan benci suna hira da ƙarfi, jariri na barci a kafaɗar wani. A unguwar Albaizin, bayan mun yi magariba a masallacin da aka buɗe a 2003, wata tsohuwa da ba mu san ta ba ta kama kumatun autarmu, ta yi ta zuba mata Sifaniyanci, ta kuma juyo ta yi min faɗa da hannu don ban sa mata rigar sanyi ba. Na daɗe ban ji wani ya tsoma baki a tarbiyyar 'ya'yana ba, ashe na yi kewar abin. A wurin nan Kano ta faɗo min a rai har na kasa haɗiye shayin da ke hannuna.

Wa ya ce ba na son zuwa gida? Hajiya ta tsufa. Autarmu a fuskar waya ta fi saninta, in an ce ina Hajiya sai ta nuna aljihun babanta. Wannan ba sai an tuna min ba, da shi nake kwana.

Amma tunda an taɓo zancen, bari in faɗi yadda hutun gida yake ga yaran da aka haifa a nan. Mu sauka da akwatuna, rabinsu na mutane ne. Washegari a miƙo jerin gidajen da za a shiga gaisuwa, wanda aka tsallake ya yi fushin shekara. Daga falo zuwa falo, yara a zube a kan kafet, a kawo lemo da cincin, manya su shiga hirar wa ya auri wa. Su sha maganin zazzabin cizon sauro, a hana su ruwan randa, a hana su fita ƙofar gida. In na ce a kai su wani wuri su ga gari, a ce rana, a ce cunkoso, a ce hanya ba kyau. Duk wannan mai sauƙi ne, zumunci ne, kuma ina son su koye shi.

Abin da ba na iya jurewa shi ne dariyar. Yaro ya yi ta haddace gaisuwa tun a jirgi, ya durƙusa ya ce ina wuni, harshensa ya karkace a kan ƙ ko ɗ, sai falo ya ɗauka. "Kai Bature, sake faɗa mu ji!" A kira na ɗaki su zo su ji, wani ya ɗauko waya yana ɗauka. Ba da mugunta ake yi ba, na sani, wasa ne irin namu, kakanni da abokan wasa ai da ma haka suke. Amma shi bai san wasan ba. Zuwanmu na ƙarshe, tun a makon farko babban ɗana ya daina Hausa gaba ɗaya, ana yi masa magana sai ya gyaɗa kai, sai aka koma cewa ba ya son mutane, uwarsa ba ta koya masa yare ba. Ni da nake hana su Jamusanci a kan teburin cin abinci, nake yi musu gatanan gatananku bayan na dawo daga aiki a gajiye, ni ce ban koya ba. A makarantarsu baƙo ne, a gidan kakarsa Bature ne. Har yau in an kira daga Kano na miƙa masa waya, sallama kawai yake yi da "lafiya lau", ya miƙo min abata ya shige ɗaki.