Takardar inshorar da muke ajiyewa don 'yan sanda kawai

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hatsarin motar da aka yi a hanyar Alkaleri. Amma mu a Bauchi da an yi karo sai a ce "ƙaddara ce", a yafe, marayu su tashi a tutar babu. Inshorar mota ta dole da muke biya, naira 15,000 tun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma tana biyan diyyar rauni ko rasa ran wani. Bara wani ya daki motar ƙanina, muka karɓi rahoton 'yan sanda, muka ɗauki hotuna, ashe takardar mutumin ta bogi ce, a bakin titi ya saya. Mu muka yi gyaran.