Gyara Old Trafford Yake Buƙata, Ba Rusau Ba

Tun da Manchester United ta fito da zanen sabon filin wasanta a watan Maris na 2025 raina yake a ɓace. Fili ne mai cin mutum 100,000, da dogayen turaku uku da wata ƙatuwar laima a kansa, kuɗinsa wajen fam biliyan 2, aikin kamfanin Foster + Partners. A gidan kallon unguwarmu na ga samari suna miƙa wa juna waya suna yaba hoton, babu wanda ya tambayi makomar tsohon gidan, Old Trafford.

Masu goyon bayan Sir Jim Ratcliffe, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar kuma mai son a gina sabon filin, hujjarsu ɗaya ce: Old Trafford ya tsufa, rufi yana yoyo. Gaskiya ne, duk mun ga ruwa yana kwarara daga saman rumfa ranar wasan Arsenal a watan Mayun 2024. Amma wa ya bar shi ya lalace? Iyalan Glazer sun sayi ƙungiyar a 2005 suka ɗora mata bashi, kuma tun faɗaɗawar 2006 ba a sake yi wa filin wani babban aiki ba. Sakacin masu gida ne ya sa gasar Euro 2028 ta tsallake Old Trafford ta ɗauki Etihad, filin Manchester City.

Archibald Leitch ne ya zana filin nan, aka buɗe shi a 1910 da wasan da Liverpool ta ci 4-3. Jiragen Jamus sun yi masa ruwan bama-bamai a 1941, United ta koma zaman aro a Maine Road, gidan maƙwabciyarta City, har 1949. Mutanen wancan zamani, da talaucin bayan yaƙi, a nan suka sake tada shi. A jikin bangonsa agogon Munich yake, ɗauke da ranar 6 ga Fabrairun 1958, ana tunawa da 'yan wasa takwas da haɗarin jirgi ya cinye. Za a iya ciro agogon a kafa a wani bango, amma rumfar Stretford End da ƙasar da taurari irin su Bobby Charlton da George Best suka taka ba su ɗaukuwa a mota.

Ana cewa layin dogon da ke bayan rumfar kudu, wato rumfar Sir Bobby Charlton, ya hana faɗaɗawa. Liverpool ma gidaje sun matse Anfield, ta yi haƙuri ta gina rumfa bayan rumfa har ya haura 60,000. Arsenal kuwa da ta bar Highbury a 2006, magoya bayanta sun san shekarun da suka yi ana sayar da taurari ana biyan bashin gini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙungiyar da ta sallami ɗaruruwan ma'aikata da sunan tsuke bakin aljihu ita ce ke maganar biliyoyi. A sauya rufin, a sake gina rumfar kudu, a bar United a inda take tun 1910.