Faifai ko rumbu: daga ina manhajoji za su hau kwamfuta?

Masu sana'ar ɗora Windows da Linux a kan kwamfutoci da yawa, ku matso kusa, da ku nake. Idan mutum ya shirya faifan CD ko DVD, ko filash, da zai ɗora babbar manhaja, wato Windows ko Linux, da kansa ba tare da an zauna ana danna masa maɓalli ba, akwai tambayar da ba ta ƙarewa: sauran manhajojin, irin su burauza da na ofis da na buɗe PDF, a bar su a kan faifan su hau daga can, ko a fara kwafe su zuwa rumbun ajiyar kwamfutar tukuna? Ni dai ina ɓangaren masu kwafewa, kuma ba gudu ne babban dalilina ba.

Tsohuwar muhawara ce. Tun zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, ana rubuta amsoshin tambayoyin ɗorawa a fayil mai suna winnt.sif, a ajiye folda mai suna $OEM$ a faifan. Duk abin da ka zuba a ƙaramar foldar $1 da ke ciki, za a kwafe shi zuwa rumbun da Windows ta sauka. Daga Vista fayil ɗin amsoshin ya koma autounattend.xml, amma tambayar tana nan inda take. Masu cewa a bar komai a faifai suna da hujja mai kyau: me zai sa a karanta abu daga faifai, a rubuta a rumbu, a sake karantawa daga rumbu, sannan a goge? Aiki biyu ke nan a wurin aiki ɗaya. Na yarda, a lissafin takarda haka yake.

To amma duba yadda faifai yake aiki. CD mai gudun 52x bai kai megabait 8 a daƙiƙa ba, DVD mai 16x kuwa wajen 22, wannan ma sai a gefen faifan na waje. Inda ya fi jin jiki shi ne tsalle daga fayil zuwa fayil: idon na'urar kan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ya kai inda ake so, rumbu mai juyawa ya ninka shi sauri wajen sau goma, SSD kuwa, wato rumbun zamani da ba ya juyawa, ba a ma magana. Kwafewa karatu ne a jere, abin da faifai ya fi iyawa. Ɗora manhaja mai ɗaruruwan ƙananan fayiloli kuwa kai-komo ne, shi ya sa za ka ji na'urar tana ta gurnani aikin bai motsa ba.

Wannan duka ƙaramin abu ne a wurina. Babban abin shi ne harafin da Windows ke bai wa kowane faifai da rumbu, irin su C da D. Rubutun umarninka yana buƙatar sanin inda manhajar take. A wannan kwamfuta faifan D ne. A ta gaba an raba rumbunta gida biyu, ya koma E. A wata akwai ramin katin memori da ya kwashe haruffa, ya tafi can gaba. Dabarar da aka saba ita ce a ajiye wani ɗan fayil na alama a faifan, a sa umarni ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya yana nemansa. Tana aiki, ban musa ba. Sai dai ƙarin wuri ne da abu zai iya karyewa, a aikin da aka shirya shi musamman don kada kowa ya tsaya a kansa. Folda a rumbun C kuwa tana nan inda ka ajiye ta, ko kwamfutar ta sake tashi sau nawa.

Sannan ga ɗaurin talala. Muddin manhajoji daga faifai suke hawa, faifan nan ba ya fita sai an gama komai. Mai kwamfutoci ashirin a gabansa da filash biyu ya san abin da nake nufi. Idan an kwafe, da zarar kashin farko ya wuce sai ka zare ka soka wa ta gaba, ta farko ta ci gaba da harkarta. Haka nan idan faifan yana da ƙarzuwa, gara ya nuna halinsa tun lokacin kwafewa kana tsaye, da ya bari sai tsakiyar ɗora wata manhaja ya bar maka ita rabi a ciki rabi a waje.

Mutanen Linux, kada ku yi murmushi, ku ma ya shafe ku. A Kickstart, fayil ɗin amsoshi na Red Hat, sashen umarnin bayan ɗorawa mai suna %post yana gudana ne a cikin sabon tsarin da aka ɗora, ba ya ganin faifan sai ka ce masa --nochroot. A preseed, takwaransa na Debian, ma da late_command ake kwaso abu daga /cdrom, wato faifan, zuwa /target, wato rumbun. Wato tsarin da kansa yana tura ka ga kwafewa.

Inda nake sassautawa biyu ne. Ƙananan kwamfutocin nan masu rumbun gigabait 32 ko 64 kacal, wurin da Windows ta rage bai isa a yi wadaƙa da shi ba, manhaja mai cin wuri da yawa sai ta hau daga filash kai tsaye. Na biyu, fayil guda ƙato wanda zai buɗe kansa a rumbu ko da ma, kwafe shi ɓata lokaci ne.

Kuma wanda ya kwafe, ya share bayansa. Sau da yawa za ka tarar da foldar ɗorawa an bar ta da lambobin lasisi a rubuce a fili, wani lokaci har da kalmar sirrin shugaban kwamfutar a cikin rubutun umarni. Layi ɗaya a ƙarshen SetupComplete.cmd, rubutun umarnin da Windows ke gudanarwa idan ta gama sauka, ya isa ya goge foldar. Amma a lura da manhajojin da ke zuwa a fayil ɗin MSI: Windows tana tuna inda aka ɗauko su, ranar da za ta gyara ɗaya daga ciki tana iya neman asalin wurin. Idan daga faifai ne, sai ta tambayi mai kwamfutar faifan da bai taɓa gani ba. Irin waɗannan nakan ware musu folda a rumbu in bar su a can, in goge sauran.